Yaran kemis, ku zo mu yi magana

Ranar Asabar da yamma na biya ta kemis ɗin da ɗan Addata ya fara aiki a can wajen Pantami, ba dubiya ce ta kai ni ba, maganin hawan jinin Goggo ne ya ƙare nace gara in kai kuɗin wajen na gida. Ina zaune kan benci ina jira ya sallami wata mata mai goyo sai ga wani ɗan Keke Napep ya faka, ko inji bai kashe ba, ya leƙo da kai yace a ba shi irin na kullum guda biyu. Yaron nan namu bai tambayi komai ba, ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya yanko ƙwaya biyu daga jikin kati da almakashi ya naɗe a 'yar takarda, kuɗin ma ba durowar ciniki ya saka ba, wani gwangwani ne daban. Da mutumin ya tafi nace kai, me ka ba shi? Yace "Kawu maganin ciwon jiki ne fa, kuma oga yace in dai an san mutum a ba shi." Nace miligiram nawa? Yace 225. Yana faɗa yana danna waya.

Ban yi masa faɗa a wurin ba don akwai mutane, kuma gaskiya bakina ya yi nauyi. Ni ma na riƙe irin gwangwanin nan. Shi ya sa nake rubuta wannan, wanda ya ga dama ya karanta, wanda kuma zai ce tsohon ɗan ƙwaya ya fara wa'azi toh ya faɗa, bai yi ƙarya ba.

Na gama sakandare babu kuɗin ci gaba, Baba ya rasu, aka roƙa min aiki a wani kemis kusa da tasha a cikin Gombe. Maigidana mutumin kirki ne a idon kowa, kuma har gobe ba zan ce mugu ba ne, sahun farko yake sallah, in mara lafiya ya zo ba shi da kuɗi yakan ba shi magani bashi ya manta. Amma shagon kashi biyu ne. Akwai abin da ke kan shelf wanda kowa ke gani, farasitamol da maganin maleriya da maganin ƙarin jini da audugar mata, akwai kuma ɗan sito a baya da labule, can ne kwalayen maganin tari mai kodin suke, da tramol, da diazefam, da roci (ƙwayar sa barci mai suna Rohypnol), da Exol. Irin lasisin da ƙananan kemis ke da shi bai ba su damar ajiye ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, magunguna ne da doka ta ce sai a famasi mai cikakken masanin magani, shi ma sai an kawo takardar likita. Ni ban san haka ba a farko. Daga baya na sani, kuma ban fasa ba, don haka kar in fake da jahilci.

Mutane suna ɗauka ƙwaya daga daji take fitowa ko wasu fatake ne ke shigo da ita da daddare a kan raƙumi. Wadda na sayar dai da rana tsaka take zuwa. Wani kayan daga kasuwar magani ta Sabon Gari a Kano ake loda shi a mota tare da sauran kaya na halal, wani daga Onitsha a babbar bas, wani kuma wakilin kamfani ne da kansa zai zo da riga mai kyau da katin shaida a wuya, takardar kayan an rubuta ta da sunan wani babban famasi mai lasisi amma rabin kwalayen a ƙofarmu ake sauke su, shi ya cika adadin cinikin da aka ɗora masa a wata, mu mun samu kaya, a takarda kuma komai daidai. Allurar penta kuwa, wato allurar kashe zafi mai ƙarfi, wani ma'aikacin asibiti ne yake kawo mana a aljihun wando, kaɗan kaɗan, daga kason da aka rubuta wa marasa lafiya. Wato wani yana can kwance bayan tiyata yana nishi an rubuta an yi masa allura, alhali allurar tana sitonmu. Duk waɗannan mutanen masu iyali ne, ana gaishe su da girmamawa a unguwa.

Su wa ke saye? Ba 'yan iska kaɗai ba, nan ne mutane ba sa so a faɗi gaskiya. 'Yan acaɓa da ke fita tun asuba. 'Yan dako a kasuwar hatsi, mutumin da zai wuni yana ɗaga buhun masara da wake. Leburorin gini. Da damina kuma mutanen ƙauye daga wajen Kumo da Dukku su zo sayen taki su biyo su sayi kati kati na tramol don masu ƙwadagon noma, wani mai gonar shi yake saya ya raba wa ma'aikata da safe tare da koko. Ɗalibai lokacin jarrabawa. Matan aure kuma ba sa zuwa da kansu, almajiri ake aikowa da 'yar takarda a cikin kular abinci, a mayar da kwalba a cikin kular a rufe, maigidan yana zaune a ƙofar gida yaron zai wuce ta gabansa ya gaishe shi. Lokacin zaɓen 2015 kuwa 'yan Kalare, 'yan daban siyasa na Gombe, sun kwashe mana kaya har sai da muka ƙara oda, kuma kowa ya san ba da kuɗin aljihunsu suke saye ba.

Abin da nake faɗa wa kaina a lokacin, kuma wallahi har yanzu wani sashi na zuciyata bai gama sakin maganar ba, shi ne ɗan dakon nan da gaske bayansa na ciwo. In ya je asibiti zai yanki kati, ya bi layi, ya rasa aikin wuni guda, a ƙarshe a rubuta masa abin da ba zai iya saya ba. In na hana shi, shagon da ke gabanmu zai ba shi. Ni kuma ba albashin kirki ake biya na ba, daga ribar sito ake cire min ɗan abin da nake kai wa Inna, da shi aka biya wa ƙannena kuɗin makaranta, da shi aka gyara rufin ɗaki. Wanda bai taɓa kallon uwarsa tana lissafin garin tuwo ba zai yi saurin yanke hukunci. Kuma ba ni na ƙera ƙwayar ba, ba ni na shigo da ita ta tashar jirgin ruwa ba, ba ni na sa hannu a takardar kwastan ba. Ni ne dai na ƙarshe a layi, mai almakashi.

Amma akwai wani yaro mai sikila a unguwarmu, shi kam duk wannan bayanin nawa ba ya aiki a kansa. A asibiti aka fara yi masa penta lokacin da ciwon ƙashi ya tashi, kuma daidai ne, likita ne ya rubuta. Da aka sallame shi sai ya fara zuwa wurina da daddare yace ciwon ya dawo. Ni ba nas ba, ban taɓa shiga ajin koyon allura ba, da kallo na koya, amma na riƙa yi masa a bayan labule. Na san lokacin da ya daina zuwa don ciwo ya koma zuwa don allurar kanta, na gani a idonsa, na ci gaba da karɓar kuɗi. Cinyoyinsa suka ƙandare, wuraren allurar suka zama gyambo mai ruwa da ba ya warkewa, ya koma tafiya da sanda. Daga baya ya koyi yi wa kansa. Ya rasu, an ce sikila ce, na je jana'iza na tsaya a sahu, mahaifinsa har ya riƙe hannuna yana min godiya wai ina taimakon yaron da magani cikin dare. Ban ce komai ba. Har yau ban faɗa masa ba.

Ni kuma nawa shan ya fara ne da tari na gaske a wani hunturu. Na buɗe kwalba na kurɓa, tarin ya tsaya, na yi wani irin barci mai daɗi da na manta rabon da in yi irinsa, washegari babu tari amma na ƙarasa kwalbar. A raina ai magani ne, da lambar NAFDAC a jiki, ni da ko sigari ban taɓa sha ba, in na ga ɗan giya har tsaki nake yi. Hadisin da ya ce abin da mai yawansa ke bugarwa to kaɗan ɗinsa ma haram ne na san shi tun ina islamiyya, kawai na yanke wa kaina hukuncin cewa bai shafi abin da ake sayarwa a kemis ba. Kodin yana kashe jiki, sai na ƙara da tramol da safe don in iya tsayuwa, da daddare in kasa barci sai in nemi diazefam. Cikina ya ɗaure, in yi kwanaki ban zaga ba, na rame, ina magana ina gyangyaɗi. Lissafin kaya kuwa ni nake riƙe da shi, don haka abin da na sha sai in rubuta shi a matsayin wanda ya fashe a hanya. Ga sata ta shigo kenan, ni da nake ganin kaina mai amana.

A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da bincikenta kan kodin, washegari 1 ga Mayu ministan lafiya na lokacin Farfesa Isaac Adewole ya sanar da haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Kun san me muka yi? Muka kwashe kwalayen muka kai wani gida, farashi ya ninka ya sake ninkawa, ba mu taɓa samun riba irin ta waɗannan watannin ba. Ina faɗar wannan ne don masu cewa in gwamnati ta hana shi kenan. Hanawar ta yi amfani, ba zan musa ba, kwalba ta yi tsada ta fi ƙarfin yara da yawa, amma waɗanda suka riga suka kamu sai suka koma ƙwaya. A shekarar ce kuma Indiya, inda mafi yawan tramol ɗin nan ke fitowa, ta tsaurara dokarta a kansa, sai 'yan kasuwa suka sauya zuwa wani haɗin na tafentadol da karisofrodol, kati iri ɗaya, lamba 225 iri ɗaya, wanda shi ma sai a Fabrairun 2025 Indiya ta hana haɗa shi bayan wani binciken BBC ya bankaɗo wani kamfani a Mumbai da ke turo shi Afirka ta Yamma. Wato yau yaron da ke haɗiyar abin da yake kira tramol bai ma san me yake haɗiya ba, mai sayar masa ma bai sani ba.

Abin da ya tsayar da ni ba tuba ba ce, kar in yi ƙarya. Faɗuwa na yi. Ina zaune a majalisa bayan magariba sai farkawa na yi a ƙasa, na ciji harshe, kumfa a baki, mutane sun kewaye ni. Tramol in ya yi yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, na san haka sarai don na ga kwastomominmu sun faɗi. Inna tace aljanu ne, aka kira malami aka yi ta ruƙiyya, aka sayo habbatus sauda da man zaitun da kuɗin da babu, ni kuma ina kwance na bar su a kan haka saboda aljani ya fi ƙwaya mutunci a unguwa. Da abin ya maimaita aka kai ni asibiti, wani likita matashi ya fitar da kowa daga ɗakin ya rufe ƙofa yace malam guda nawa kake sha a rana? Bai ce kana sha ba, yace guda nawa. Sai na fashe da kuka.

Dainawar ba zan iya kwatanta ta da kyau ba. Gumi da sanyi lokaci guda, hamma, majina, gudawa bayan dogon ɗaurewar ciki, ƙafafu ba sa zama wuri ɗaya, dare ya ƙi ƙarewa, kuma ka tsani kowa har wadda ke dafa maka kunu. Na koma na sha, na sake dainawa, na bar kemis ɗin gaba ɗaya don ba zan iya wuni kusa da labulen nan ba. Yanzu kayan masarufi nake sayarwa, ribar ba ta kai ba, wani lokacin in na yi lissafi raina yakan ɗan sosu, abokan da suka ci gaba da harkar wasu sun gina gidaje a Tumfure. Wasu kuma suna gidan yari, toh.

Mu nan mun saba cewa matsalar Kano ce, ko ta Maiduguri saboda rikici. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ce mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka yi shaye-shaye a Najeriya cikin shekara guda, miliyan 4.6 magungunan kashe zafi irin su tramol, miliyan 2.4 maganin tari, kuma cikin kowane mutum huɗu ɗaya mace ce. A Arewa maso Gabas Gombe ce a sama, kusan kashi 21 cikin 100, ta wuce Borno ta wuce Bauchi. Ni da na ji ban yi mamaki ba, kular abincin nan kawai na tuna. Gari ne na mahaɗar hanyoyi, motar Yola da ta Biu da ta Potiskum da ta Bauchi duk nan suke ratsawa, kwalin da aka sauke a tasha da safe kafin dare ya kai wani ƙauye da ko asibitin sha ka tafi babu.

Abin da ke ƙona min rai da yaran yanzu shi ne rashin kunya. Yaro zai sha roci ya zaro harshe shuɗi ya ɗauki bidiyo ya ɗora a TikTok, 'yan mata su zuba siraf a lemo a wajen kamu suna dariya suna cewa caji suke yi, ka yi magana a ce maka tsohon yayi. Mu aƙalla muna ɓoyewa. Ko da yake in na tuna ɓoyewar tawa ce ta sa Inna ta sayar da akuyarta don ruƙiyya, ban san wanne ya fi ba. Amma dai danna wayar nan ana maka magana, wannan kam ba zan saba da shi ba.

Na zauna da niyyar jero shawarwari da yawa, har na rubuta su a bayan kwalin sabulu, da na duba sai na ga yawancinsu irin waɗanda ake faɗa a rediyo ne, ku ma kun haddace su.

Kai yaron kemis, kar ka miƙa. NAFDAC tramol na miligiram 50 da 100 kawai ta amince da shi, duk wanda ka ga an rubuta 200 ko 225 ko 250 ba ta hanyar halal ya shigo ba, kuma iyakar abin da likita zai yarda babban mutum ya sha a wuni guda 400 ne, biyun da ka yanka da almakashi sun riga sun wuce, ga shi mutumin zai ɗauki yaran makaranta a bayan kekensa. In oga ya matsa ka bar aikin. Na san ina faɗar haka ne cikina a ƙoshe, kuma in ka bari ba ni zan ciyar da kai ba, aiki a garin nan ba a tsintarsa a ƙasa. Toh ka zauna, amma kace kai ba ka taɓa kayan ƙasan kanta, ya sayar da hannunsa. Sai dai ni na san ba a zama a haka, wata biyu ba za ka yi ba ranar da oga ya tafi ɗaurin aure kwastoma zai tsaya maka a kai. Ka bar aikin kawai. Ranar da jami'an NDLEA za su zo kai za su tarar a shago, oga yana gida, kuma tun da Buba Marwa ya karɓi hukumar a 2021 kamen ya ƙaru, ba wanda zai tsaya sauraron wai aiko ka aka yi.

Za ku ce me ya sa ban kai rahoton ogan yaron namu ba tunda na iya wa'azi. Ban kai ba. In na kai ɗan Addata za a fara ɗauka, kuma da wane ido zan kalli uwarsa? Ita na je na samu na faɗa mata komai har da labarin mai sikilar nan da ban taɓa faɗa wa kowa a gida ba, tace za ta yi magana da babansa. Ku in kun ga ana yi ku kai rahoto, ku fi ni.

Kar ka ɗanɗana don ka ji yadda yake. Ba ni da wani dogon bayani a nan.

In kuma ka riga ka kamu, da nakan ce wa mutane ka daina kawai, namiji ne kai, ni ma haka na yi. Wannan maganar banza ce kuma tana iya kashe mutum, musamman mai shan diazefam ko roci kullum, in ya yanke lokaci guda jijjiga na iya kama shi, rage shi ake yi a hankali a ƙarƙashin kulawar likita. Kuma kar ka haɗa su da tramol ko kodin a dare ɗaya, numfashi suke dannewa, masu kwanciya ba su tashi ba da yawa haka ne, a ce mutuwar fuju'a. Amma fa duk da haka sai ka so dainawar da kanka, likita ba zai bi ka gida ba.

Iyaye kuma, dan Allah ku daina kai yara gidan mari a ɗaure su da sarƙa. Kun ga abin da aka fito da shi daga Rigasa a Kaduna da kuma Daura a 2019, yara da tabon bulala da ƙafa a kumbure, kuma da yawa suna fitowa su koma shan da ya fi na da. Ku yi addu'a, ku yi ruƙiyyar in kuna so, amma ku kai shi asibiti ku nemi sashen likitocin ƙwaƙwalwa, akwai a asibitin koyarwa na tarayya nan Gombe, akwai babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri, zuwa can ba ya nufin ɗanku ya haukace. In kun same shi a sume yana numfashi sama sama kar ku ɗura masa madara ko manja, shaƙewa zai yi, ku kwantar da shi a gefe ɗaya ku nemi mota. Ku laluba aljihunsa da ƙarƙashin katifa, duk katin ƙwaya ko kwalbar da kuka samu ko babu komai a ciki ku tafi da ita ku nuna wa likita, kuma in ya tambaya ku faɗa masa gaskiya ko da surukai na tsaye a wurin.